Gicciyen Bakin Randa

Ran Lahadin nan ma, da Baba Mudi ya ɗaga hannuwa ƙarƙashin rumfar kara ya roƙi Ubangiji ruwa, duk masu sujada suka amsa da amin, ban da Zinariya. Leɓɓanta dai sun motsa don kada ta kusa da ita ta lura, amma kalmar ba ta wuce maƙogwaro ba. Mako na huɗu ke nan tana haka. Ta sunkuyar da kai tana kallon ɗiyarta Salamatu, wadda ke kwance bisa cinyarta tana wasa da bakin zane, jikinta na ba ta kamar kowa yana hangen abin da ke cikin cikinta.

Gida shida ne na masu bin Almasihu a Tudun Ƙirya, wani ɗan ƙauye yamma da Cadawa. Sauran gari Musulmi ne, kuma yunwar shekarar ba ta tambayi kowa yadda yake roƙon Allah ba. Daminar bara ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba, wanda ya saba ɗaure dami ɗari bai haɗa biyar ba. Baba Mudi, dattijon ikkilisiya, ya ga yunwar da aka yi shekara goma sha ɗaya baya, ya kuwa san abin da ke biyo ta: mutum ya cinye na rumbu, ya waiwayo ya cinye na shuka, ruwa ya sauka ya tarar da shi hannu wofi. Don haka tun da kaka ya bi gidajen shida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fid da zangarkun da suka fi ƙwari, aka sussuke, aka sheƙe, aka samu tiya goma sha biyu. Ya gauraya hatsin da toka saboda ƙwari, ya zuba a randa, ya kife bakinta da kasko, ya shafe da laka. Kafin lakar ta bushe ya sa babban yatsansa ya zana gicciye a kai, ya yi addu'a, sannan ya ce wanda ya ci iri ya ci baɗi tun bana.

A ɗakin Zinariya aka ajiye randar. Nata ne kaɗai mai ƙofar gwangwani da kwaɗo, kuma kowa ya san ta, mace ce da ba ta barin ko tsaba ɗaya ta faɗi ƙasa ba ta duƙa ta tsince ba. Mijinta Inusa ya bi ta Gazawa ya tsallaka Najeriya ta ɓarauniyar hanya, don an rufe iyaka a lokacin, ya ce zai dawo da buhu kafin watan shuka. Sau ɗaya ya aiko da ɗan garin rogo, daga nan shiru kamar an shuka dusa.

Da bazara ta kankama, abinci ya koma anza da ganyen jiga. Anza sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, manya su runtse ido su haɗiye. Cikin Salamatu ya ƙi ta. Yarinyar da ta fara tafiya ta koma rarrafe, daga rarrafe ta koma kwance, zawo ya tsotse ta har kuka ya zama sai buɗe baki ba murya. Zinariya ta goya ta, ta taka a ƙasa har gidan likita a Cadawa, aka ba ta magani, aka ce ta daina ba ta anza, ta riƙa dama mata kunun hatsi. Ta yi godiya ta fito, ba ta tambayi inda ake samun hatsin ba.

Kwana uku ta yi tana durƙusawa tana roƙon Yesu ya turo Inusa, ko ya turo wani, ko ya sa cikin yarinyar ya karɓi abin da ke akwai. Duk lokacin da ta buɗe ido, randar ce a gabanta. Rana ta huɗu da tsakar rana, gari ya watse daji neman ganye, ta ja ƙofa, ta sa bakin wuƙa ta ɓamɓare lakar. Tafi ɗaya ta ɗiba. Ta ce wa Ubangiji tafi ɗaya ne kawai, kuma da ta faɗa da gaske take.

Ba ta isa ta daka ba. An yi wata biyu ba a ji taɓarya a turmi ba a Tudun Ƙirya, bugu ɗaya zai tara mata unguwa. Sai ta wanke tokar, ta jiƙa tsabar, ta murje ta a dutsen niƙa a hankali kamar mai shafa kan jariri, ta dama kunu a ɗaka. Salamatu ta sha ludayi biyu, ta yi barci, abin bai dawo ba. Zinariya ta ɗebo rairayi daga bayan ɗaki, ta tona rami a tsakiyar hatsin ta zuba daidai abin da ta ɗiba, ta rufe da tsaba, don Baba Mudi yakan leƙo bayan sujada ya ɗan girgiza randar ya ji nauyinta. Ta kwaɓa laka ta shafe bakin. Da ta zo kan gicciyen sai hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon lakar tana shan iska, kafin ta sa yatsa ta ja layi daga sama zuwa ƙasa, ta gitta wani.

Tafi ɗaya ya zama na kullum, daga baya ya zama biyu. Kullum ta ɓamɓare, kullum ta zana. Ita kanta ba ta sha, anzarta take ci kamar kowa. Sau ɗaya ne, tana wanke ludayi, ta tarar da harshenta a cikinsa ba ta san sadda ya kai ba, kuma wannan lasa ɗaya ta fi duk tafukan nauyi a zuciyarta, don ita ba ta da Salamatu da za ta laɓe a bayanta.

Mako biyu da fara wannan, Ayuba ya mutu. Ɗan Iro ne, maƙwabcinsu a sujada da a gona, yaro ɗan shekara uku, kuma ciwonsa irin na Salamatu ne sak. Zinariya ta ji sadda ya kwanta. Ta tsaya a bakin randa da tafin hatsi a hannu, ta yi tunanin ƙullawa a bakin zane ta kai wa Tala, uwar yaron. Amma Tala za ta tambayi inda ta samu, in ma ba ta tambaya ba Iro zai tambaya, a zo a ɗauke randar, kunun Salamatu ya yanke. Ta ce gobe. Goben ba ta zo ba sai ranar da ta je gaisuwa da tata ɗiyar goye a baya, kumatunta sun fara dawowa. Tala ta shafa ƙafar yarinyar ta ce Allah ya raya, ko ɗaya dai ta tsira.

Matan zumunta suka ɗauki tashin Salamatu abin al'ajabi. Inna Mariyama, shugabarsu, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin yaran garin, ta tsayar da Zinariya a taron Laraba ta ce ta ba da shaida. Ta miƙe ta ce ta yi addu'a kwana uku, Ubangiji ya ji. Babu ƙarya a ciki, babu kuma gaskiya. Aka yi waƙa, aka tafa, ita kuwa ta koma ta zauna kamar wadda aka yi wa wanka da ruwan barkono.

Watan shuka ya kama, Inusa bai zo ba. A nan ne addu'arta ta rabu da ta jama'a. Ranar da ruwa ya sauka, a ranar za a fasa randa. Ran wata Alhamis da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, yara suka fito suna tsalle, tsofaffi suna ɗaga hannu. Zinariya na tsaye a ƙofar ɗakinta, ta ji bakinta yana cewa, ya Ubangiji ba yau ba, bari Inusa ya iso in cika. Ba a jima ba iskar ta juya, hadarin ya karkata ya yi wajen Gazawa, ko ɗigo bai taɓa Tudun Ƙirya ba. Sau biyu aka yi haka. Musulmin gari suka fita bayan gari roƙon ruwa, liman a gaba, mata da yara a baya. Masu bi suka ɗauki azumi, ko da yake Baba Mudi ya ce da wuya a gane mai azumi da marar azumi a bana. Ita kuwa ta tabbata a ranta cewa ita ce ta tokare sama, mace ɗaya da amin ɗinta a maƙale. In wani ya ce ko mi muka yi wa Allah, sai gabanta ya faɗi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ran Asabar Kadi ta biyo. Bafillata ce, rugarsu na arewa da gari, a shekarun arziki ita ke kawo wa Zinariya nono ta karɓi hatsi, har suka ƙulla ƙawance na tsokana. Yanzu ƙwaryar da ke kanta itacen wuta ne a ciki. Ta sauke ta zauna a inuwar danga, ta ce Kaɗo, yadda take kiran Zinariya Bahaushiya, ta ba ta ruwa tun da dai Kaɗo ba ta iya ba da komi ba sai ruwa. Zinariya ta ce ƴar Fillo da ba saniya ai Kaɗo ce ita ma, sai ta zo a koya mata riƙon hauya. Suka yi ƴar dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Kadi ta ce karsanarsu ta ƙarshe ta tafi. Ita ce Sajo mijinta yake ta lallaɓawa, yana sassaƙo mata ɓawon itace, yana cewa daga ita garke zai sake tashi. Da yaransu suka kasa tashi don yunwa, ya kira duk ruga, ya kwantar da ita, ya yanka da hannunsa yana hawaye gaban mata da yara, aka raba har gidan da ba su da ko akuya. Ta ce sun ci irinsu, ba su san mi za su kora baɗi ba, amma dai kowa ya ga wuƙar. Sai ta dubi hannun Zinariya, wanda toka ta yi wa fari har gwiwa, ta dubi murhun tsakar gida da ya kwana biyu bai ga wuta ba.

"Kaɗo," in ji ta, "tokarki ba ta murhu ba ce."

Ta ɗauki ƙwaryarta, ta ja kumatun Salamatu, ta tafi.

Washegari ne Lahadin da Zinariya ta motsa leɓɓa ba amin. Da aka ƙare addu'a Baba Mudi ya ce yana da magana. Lokaci na tafiya, in aka jira sai ƙasa ta jiƙa za a makara, don haka za a yi binne: a shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta ya jira ruwa a inda yake. Ya ce bangaskiya ma haka take, kana binne abin da ke hannunka tun ba ka ga hadari ba. Gobe da hantsi kowa ya zo da ƙwaryarsa gidan Inusa.

Zinariya ta ga hanyoyi a gabanta, ta kuwa auna su ɗaya bayan ɗaya, don ita mace ce mai auna abu. Tana iya cewa gara ce. Tana iya cewa ranar da ta je Cadawa ta manta kwaɗo a buɗe. Tana iya goya ɗiyarta ta bi hanyar Gazawa da sunan neman Inusa. Ta dubi Tala da ke zaune a gefe, zanen goyo ɗaure a ƙugu ba kowa a ciki. Jama'a sun fara miƙewa suna kakkaɓe tabarmi sadda ta ji muryarta ta fito.

"Baba, kada a kai gobe. Na ci iri."

Ta faɗi sauran tana kallon ƙasa: wuƙar, tafin, dutsen niƙa, rairayin, shaidar da ta bayar, har lasar ludayi ba ta bari ba. Daga ƙarshe ta faɗi wanda ya fi mata wuya, cewa sau biyu hadari na haɗuwa tana roƙon kada ya sauka, kuma mako huɗu ba ta ce amin ba.

Aka ɗauko randar aka kawo ƙarƙashin rumfa. Baba Mudi ya fasa lakar, ya tura hannu har kafaɗa, ya fito da shi cike da rairayi da tsaba jefi-jefi. Ya sa aka tankaɗe ƙwarya ɗaya don a gani, ya kimanta, ya ce abin da ya rage ba zai wuce tiya bakwai ba.

Iro ne ya fara magana, kuma bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ma ya san inda randar take. Ya ce ranar da Ayuba ya daina kuka ya zo har ƙofar gwangwanin nan ya tsaya, ya tuna gicciyen, ya koma.

"Ashe gicciyen naki ne," ya ce. "Tafi ɗaya, Zinariya. Gidana taku nawa ne daga naki?"

Ta durƙusa inda take. Tala ta rufe fuska da zanen goyon.

Inna Mariyama ta dogara sanda ta miƙe. Ta ce in za a ɗora laifi a ɗora har da ita. Yatsan Mudi kamar muciya yake, shekara arba'in tana ganin sa, kuma tun watan jiya ta ga gicciyen bakin randa ya rame ya koma na yatsan mace, laka kuma kullum sabuwa. Ta gane, ta dubi kumatun Salamatu, ta ja bakinta ta tsuke. Har shaidar da ta sa Zinariya ta bayar, ta yi ne ko za ta fashe ta faɗa, ba ta fashe ba. Ta ce da ta yi magana a lokacin, da an zauna an fid da na yara marasa lafiya a fili, wataƙila da Ayuba na nan, wataƙila kuma da ba ya nan, Ubangiji ne ya sani.

Baba Mudi ya daɗe yana murza rairayin a tafinsa. Ya ce shi ya ce ba a cin iri, bai kuma janye ba, amma da ya rufe randar bai bar ƙofar da uwa za ta zo ta ƙwanƙwasa ba, wannan nasa ne. Sannan ya juya ga Zinariya.

"Batun hadari kuwa, ɗiyata, fid da shi daga ranki. Ke wa ce da za ki tokare sama? Liman da jama'arsa sun roƙa, mu mun roƙa, sai naki shirun ne zai rinjaya? Laifinki yana nan cikin randa, kada ki ƙara masa da girman kai. Shi wanda aka gicciye ya san da irinmu, duk da haka ya hau."

Ya ce ba za a tankaɗe sauran ba, da rairayin za a shuka, hannu ya tsunkulo kamar yadda ya saba, ƙasa ta samu tsaba kaɗan a kowane rami. Ko da haka ba zai kai ko'ina ba, kowa zai bar wani gefen gonarsa. Zinariya ta ce a cire rabon gidansu. Baba Mudi ya ce gonar ta Inusa ce, kuma Salamatu za ta ci abinci baɗi, tun da an riga an saye ta da tsada. Aka ba ta rabin rabon gidansu. Ta ce to a bar ta ta yi wa Iro shuka, tun da Tala ba ta da ƙarfin bin rami. Kowa ya dubi Iro. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari da hantsi Zinariya ta tarar da shi a bakin gonarsa da sungumi a kafaɗa. Ta gaishe shi, ya amsa da kai. Ya shiga gaba yana sara, taku ɗaya rami ɗaya, ƙura na tashi daga ƙasar da ba ta da ko danshin yawu. Ta bi bayansa da ƙwarya a hannun hagu, Salamatu a baya, ta tsunkula ta jefa ta take da diddige. Rairayin da ta ɗebo daga bayan ɗakinta yana komawa ƙasa ta tsakanin yatsunta. Suka kai ƙarshen layi suka juyo, suka sake kaiwa suka juyo. A kowane rami tana so ta ce ya yafe mata, a kowane rami tana ganin ba ta da bakin roƙon abin da ba a ba ta ba tukuna. Sai ta riƙa ƙara tsunkulen, tana zaɓo wajen da tsaba ta fi yawa.

Wajen azahar Iro ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Rage hannu," ya ce. "Kina yawaitawa. Ba zai kai mu gindin gawon can ba."

Ta rage. Can gabas, ƙasa-ƙasa, wani ɗan gajimare ya fara duhu, ƙanƙane, irin wanda sau da yawa yakan watse kafin la'asar. Iro ya dogara da sungumi ya dube shi, ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, Ubangiji ya sauko mana da shi.

"Amin," in ji Zinariya. Wannan karon muryar ta fito, har Salamatu ta motsa a bayanta.

Iro ya ɗaga sungumi ya sari rami na gaba, ta jefa, ta take.